Yara a ƙasar inabi: Yadda iyalai ke cika ranar 'ya'yansu a Stellenbosch da Franschhoek

A gonar Vergenoegd Löw da ke gefen garin Stellenbosch a Afirka ta Kudu, ma'aikatan da baƙi suka fi ɗauka hoto ba mutane ba ne. Agwagi ne, ɗaruruwa.

Da zarar an buɗe musu ƙofa sai su fito a guje, wuya a miƙe, jiki a tsaye cak kamar kwalba, su ratsa ta gaban baƙi su nufi cikin gona. Aikinsu shi ne cinye dodon koɗi da ƙwarin da ke ɓata ganyen inabi, abin da ke rage wa gonar amfani da maganin feshi. Tun shekarun 1980 ake wannan kiwo a wurin.

Faretin ba ya wuce 'yan mintoci. Amma yaron da ya shafe sa'a guda yana mita a bayan mota, a nan yake mantawa da gajiya. Ya bi su da gudu, ya yi ƙoƙarin ƙirga su, ya kasa, ya sake farawa.

Wannan ɗan lokaci ya ƙunshi amsar tambayar da ke damun iyaye da yawa masu zuwa wannan yanki: me yaro zai yi a wurin da aka tsara shi don manya su zauna su ɗanɗani giya?

Yankin da aka gina don manya

Stellenbosch na da nisan kimanin kilomita 50 gabas da birnin Cape Town. Shi da garuruwan Franschhoek da Paarl ne zuciyar noman inabi a Afirka ta Kudu, ƙasar da ke cikin goman farko a duniya wajen sarrafa giyar inabi, da gonaki kusan hekta 90,000.

Tarihin sana'ar ya daɗe. Jan van Riebeeck, wanda kamfanin kasuwancin Holan ya turo ya kafa zango a Cape a 1652, ya rubuta cewa an matse inabin farko a ranar 2 ga Fabrairu, 1659. Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679. A 1688 wasu Faransawa mabiya ɗariƙar Furotesta da suka gudo daga tsangwamar addini suka iso, aka ba su filaye a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek, wato kusurwar Faransawa. Kafin nan sunan wurin kusurwar giwaye, saboda giwayen da ke yawo a kwarin.

A 1971 wasu masu gonaki suka buɗe hanyar yawon gonakin inabi ta Stellenbosch, irinta ta farko a ƙasar. Tsarin mai sauƙi ne: baƙo ya je gona, ya zauna, a zuba masa kaɗan-kaɗan a kofuna, a yi masa bayani, ya saya, ya wuce gona ta gaba.

Ga babba mai sha'awar abin, wannan hutu ne. Ga yaro ɗan shekara shida, zama ne a kan kujera a ɗakin da aka hana shi taɓa komai, ana hirar da bai san kanta ba. Ba a jimawa zai fara tambayar yaushe za a tafi, ƙanwarsa ta fara kuka, uwa ta fara jan kunne, uba ya fara duba agogo. Kuɗin jirgi da na otel da aka tara wata da watanni su ƙare a rigima.

Ga iyalan da ba sa shan giya kwata-kwata, kamar Musulmi da Kiristoci da dama, tambayar ta fi haka faɗi. Yankin na cikin wuraren da kusan duk kamfanin yawon buɗe ido a Cape Town ke sakawa a jerinsa, saboda duwatsu da ƙoramu da tsofaffin gine-gine. To idan an cire kofin, me ya rage?

Abin da ya rage ya fi abin da aka cire yawa, domin kafin komai, waɗannan wurare gonaki ne. Kuma gona ba ta rasa abin da zai ɗauke hankalin yaro.

Awaki a kan hasumiya

A gonar Fairview da ke Paarl akwai wata 'yar hasumiya ta bulo da aka gina a 1981, da matakala mai zagaye ta waje. Mazaunanta awaki ne. Suna hawa suna sauka, wani lokaci bunsuru ya leƙo ta taga yana kallon baƙi kamar mai gida.

Yaron da ya saba ganin akuya tana hawa katanga a unguwa ba zai yi mamakin hawan ba. Abin da zai ba shi dariya shi ne an gina wa akuya bene. Daga nan hira ta buɗe: gonar ta shahara da cuku, har da na nonon awaki, kuma ana ɗanɗana shi a wurin. Uwa na iya kwatanta masa da cukun da aka sani a gida, ta nuna masa cewa nono ɗaya ne, hanyar sarrafawa ce ta bambanta.

A gonar Spier, wadda tarihinta ya faro daga 1692, cibiyar Eagle Encounters ta shafe shekaru tana kula da tsuntsaye masu farauta waɗanda suka ji rauni ko aka ƙwace daga hannun masu riƙe su ba bisa ƙa'ida ba. An riƙa nuna yadda mikiya da shaho da mujiya ke tashi da sauka a hannun mai kula da su. A irin wannan wuri, yaron da ya taso yana jin ana tsorata shi da mujiya zai gan ta kusa da kusa, ya ga yadda take juya kai, ya ji bayanin amfaninta wajen cinye ɓeraye a gona.

Akwai kuma wuraren dabbobi da ke zaman kansu. Drakenstein Lion Park da ke kusa da Paarl mafaka ce ta zakunan da aka ceto daga wuraren da aka wulaƙanta su, ciki har da gidajen wasa na ƙasashen waje. Ba a barin kowa ya taɓa su, kuma wannan ma darasi ne. A Le Bonheur, duk a yankin Paarl, ana zagayawa da baƙi su ga kadoji daga kan gada.

Hikimar ita ce kada a tara su duka a rana ɗaya. Wurin dabbobi guda ya ishi yini. Yaro ya fi riƙe akuya ɗaya da ya tsaya ya kalla da kyau fiye da dabbobi ɗari da aka wuce da shi ta gabansu a gurguje.

A bar su su sa hannu

Kallo kaɗai ba ya riƙe yaro. Abin da ke riƙe shi shi ne aikin da aka damƙa masa.

Daga wajen Oktoba zuwa Disamba lokacin sitiroberi ne, wani ɗan itace ja mai zaƙi da ɗan tsami da ke fitowa a ƙasa-ƙasa. Gonaki irin su Polkadraai da Mooiberge, duka a kewayen Stellenbosch, kan ba baƙi ɗan bokiti su shiga su tsinka da kansu, su biya kuɗin abin da suka tsinka. Mooiberge ta yi suna da mutum-mutumin korar tsuntsaye masu launi kala-kala da aka jera a bakin titi. Tsiron bai wuce gwiwar yaro ba, don haka a nan ƙaramin cikin gida ya fi babansa iya aikin.

Girbin inabi kuwa yana farawa ne daga ƙarshen Janairu zuwa wajen Maris ko Afrilu. A lokacin wasu gonaki kan shirya bikin girbi, inda ake zuba inabi a rabin gangar katako, yara su cire takalma su shiga su tattake. Abin da ke fita a nan ruwan inabi ne zalla. Ba ya zama giya sai an bar shi ya tsimu, yis ya mayar da sukarinsa barasa, kuma wannan bayani ne da yaro ɗan firamare zai iya fahimta idan aka yi masa a sauƙaƙe.

Babylonstoren, wata tsohuwar gona tsakanin Paarl da Franschhoek, ta yi fice da lambunta mai faɗi, da tsirrai sama da iri 300 waɗanda ake ci ko ake magani da su. Akwai jakuna da kaji da agwagi, da hanyoyin ruwa, da wani wuri mai ruɗarwa da aka shuka da tsiro mai ƙaya, wanda sai an yi ta kewaye kafin a gano mafita.

Iyaye da yawa kan mayar da yawon lambu gasa. Wa zai fara gano lemo? Wa zai gane na'a-na'a da ƙanshi kawai, ido a rufe? Wa zai samo tsirrai biyar da ake da su a gida? Ɗan littafi da fensir sun isa. Wanda bai iya rubutu ba ya zana. Idan wayar salula ce ba ta barin hannun babban yaro, sai a naɗa shi mai ɗaukar hoton iyali, a ba shi jerin abubuwa goma da zai ɗauko kafin yamma.

Jirgi, tsofaffin motoci da ranar ruwa

A Franschhoek akwai wani ɗan jirgin ƙasa na yawon buɗe ido da ya fara aiki a 2012, a kan layin dogon da aka shimfiɗa a 1904 don kai amfanin gona kasuwa. Yana tafiya a hankali ta tsakiyar gonaki, fasinja ya sauka inda ya so, ya jira na gaba. Ana haɗa shi da motocin bas masu buɗaɗɗen gefe.

Yara na son sa, amma iyaye su sani cewa mafi yawan fasinjojin yawon ɗanɗanar giya suka fito. Da safe wuri na nan lafiya lau. Zuwa la'asar, musamman a ƙarshen mako, murya kan fara tashi. Mai yara ya hau na farko, ya zaɓi tasha ɗaya ko biyu masu fili da wurin wasa, ya koma da wuri.

Idan aka tashi da ruwan sama, akwai mafaka. Gidan tarihin motoci na Franschhoek, a gonar L'Ormarins, na ɗauke da motoci da babura na sama da shekara 100, sai dai ana neman izinin shiga tun kafin a je. A cikin garin Stellenbosch akwai gidan tarihin kayan wasan yara, mai 'yan tsana da ƙananan gidaje da jiragen ƙasa na wasa. Akwai kuma gidan tarihin gari, wanda ya ƙunshi tsofaffin gidaje huɗu, mafi tsufa na 1709, inda yaro zai ga murhu da gado da tukwanen mutanen da suka rayu shekara 300 da suka wuce.

Ga wanda ba ya son taka gonar giya

Iyalai sun bambanta. Wasu na shiga gonar don lambu da dabbobi, su kauce wa ɗakin ɗanɗano. Wasu kuma ba sa son kuɗinsu ya shiga wurin da ake sayar da barasa ko ta wace hanya. Wannan hukunci ne na mai gida da uwar gida, kuma gara a yanke shi tun daga masauki, kada a zo bakin ƙofa ana gardama a gaban yara.

Masu ra'ayi na biyu ba su rasa wurin zuwa ba. Gandun Jonkershoek, 'yan mintoci daga Stellenbosch, na da hanyoyin tafiya a ƙasa tsakanin duwatsu, da magangarar ruwa da manyan yara za su iya kaiwa. Lambun tsirrai na Jami'ar Stellenbosch na tsakiyar gari, ƙarami ne, mai inuwa, ya dace da mai goyo. Dutsen Paarl, wani makeken falalen dutse da ke ƙyalli bayan ruwan sama, shi ya ba garin sunansa, wanda ke nufin lu'ulu'u. Sannan teku ba ta da nisa: bakin ruwan Strand bai kai tafiyar sa'a guda daga Stellenbosch ba.

Abin ci da abin sha

Yunwa ce ke fara ɓata tafiya da yara, kuma a wannan yanki ba ko'ina ake tsayawa a ci ba.

Gidajen abincin da ke cikin gonaki da yawa na dafa nama da giya, suna kuma sayar da naman alade. Mai neman halal ya tambaya tun kafin ya zauna. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne Cape na da tsohuwar al'ummar Musulmi, kuma hukumomi irin su Muslim Judicial Council, wadda aka kafa a 1945, da SANHA na sa tambarin halal a kan kayan abinci a manyan kantuna. Akwai masallatai a Stellenbosch da Paarl, kuma a nan ne ya fi sauƙi a samu wanda zai nuna wa baƙo inda zai ci abinci hankali kwance.

Gonaki da dama na sayar da kwandon abinci a ci a kan ciyawa, ƙarƙashin itatuwa. Boschendal, wadda aka kafa a 1685, ta shahara da wannan. Ya fi zaman tebur dacewa da yara, domin suna ci suna gudu. Sai dai galibin gonaki ba sa yarda a shigo da abinci daga waje, don haka a kira a tambaya, a kuma faɗi abin da iyali ba sa ci.

Wasu gonaki, ciki har da Spier, na shirya wa yara nasu ɗanɗanon na ruwan inabi: ja da fari a ƙananan kofuna, su faɗi wanda ya fi zaƙi. Wasu iyaye na ganin wasa ne kawai. Wasu na ganin koya wa yaro kwaikwayon mashaya ne. Kowa da inda ya tsaya.

Abin da bai kamata a yi sakaci da shi ba shi ne kwalba. Ruwan inabi mai gas da giya mai gas kan zo a kwalabe masu kama da juna. Haka kuma giyar da aka rubuta cewa an cire mata barasa kan iya rage kaɗan a ciki, har zuwa rabin kashi ɗaya cikin 100. A karanta rubutun jikin kwalba, kada a dogara da launi. Dokar ƙasar ta haramta sayar wa ko bai wa wanda bai kai shekara 18 ba barasa, amma doka ba ta hana ɗan shekara uku ɗaukar kofin da wani ya bari a kan tebur.

Ƙararrawar da ke tsakar gona

A tsofaffin gonaki da yawa, ciki har da Spier, akwai wata ƙararrawa da ke rataye tsakanin fararen ginshiƙai biyu. Yara kan ruga wurinta, kuma kusan kullum sai sun tambayi ta mece ce.

Ta bayi ce. Da ita ake tashin su aiki, da ita ake sallamar su.

Jiragen farko da suka kawo bayi da yawa Cape sun iso a 1658, da mutanen Angola da na gaɓar Afirka ta Yamma. Daga baya aka riƙa kawo su daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya. Su ne suka share filayen, suka shuka inabin, suka gina fararen gidajen da ake ɗauka hoto a yau. An soke bauta a 1834, amma sai a 1838 aka sake su baki ɗaya. Ƙauyen Pniël, kusa da Boschendal, an kafa shi a 1843 don waɗanda aka 'yanta, kuma zuriyarsu na nan har yau.

Ba sai an yi wa yaro lacca ba. Jimla biyu ko uku daidai da shekarunsa sun isa, sauran tambayoyin shi zai kawo su da kansa a mota.

Ba nisa da gonar agwagin nan, a yankin Macassar kusa da inda kogin Eerste ke shiga teku, akwai hubbaren Shehu Yusuf. Malami ne daga Makassar ta Indonesiya, an haife shi a 1626, ya yaƙi Turawan Holan, suka kama shi, suka kawo shi Cape a 1694 tare da iyalansa da mabiyansa. Sun ajiye shi a gonar Zandvliet, nesa da gari, don kada ya yi tasiri a kan bayi. Dabarar ba ta yi aiki ba, domin wurin ya zama matattarar Musulmi. Ya rasu a 1699, kuma ana ɗaukar sa ɗaya daga cikin iyayen Musulunci a Afirka ta Kudu. Mutanen Cape na kiran irin wannan hubbare kramat, kuma akwai wasu a Constantia, a tsakiyar gonakin inabi mafiya tsufa a ƙasar.

Manyan yara kuma akwai abin da zai ba su mamaki a kan dutsen Paarl, inda aka gina hasumiyar tunawa da harshen Afirkans a 1975. Wasu daga cikin rubuce-rubucen farko na wannan harshe da haruffan Larabci aka yi su, a makarantun Musulmin Cape, kamar yadda aka rubuta Hausa da ajami. Littafin Bayanud Din na Abubakar Effendi, wanda aka buga a Istanbul a 1877, na cikin fitattunsu.

Sai kuma wata ƙofa a kan hanyar Paarl zuwa Franschhoek, ta gidan yarin da a da ake kira Victor Verster, yanzu Drakenstein. Ta nan Nelson Mandela ya fito a ranar 11 ga Fabrairu, 1990, bayan shekara 27 a tsare. Akwai mutum-mutuminsa a bakin ƙofar, hannu a ɗage. Tsayawar minti goma ce, amma yaron da ya karanta sunan a littafin makaranta ba zai manta da ita ba. Gani ya kori ji.

Yaran da ke bayan katanga

Akwai wasu yara a wannan yanki da ba su zo hutu ba: 'ya'yan ma'aikatan gona.

Shekaru aru-aru ana biyan ma'aikatan gonakin Cape wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da ake kira dop. An haramta shi a farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har zuwa shekarun 1990. Dokar barasa ta 2003 ta sake jaddada haramcin. Tabon bai goge ba: lardin Western Cape na cikin wuraren da aka fi samun jariran da barasa ta yi wa illa tun suna ciki a duk duniya, illar da ke shafar girma da ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwa.

A 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mummunan yanayin aiki da muhalli a gonakin inabi da 'ya'yan itatuwa na lardin. A ƙarshen 2012 ma'aikata suka yi yajin aiki da ya faro daga De Doorns, wanda ya kai ga ɗaga mafi ƙarancin lada daga rand 69 zuwa rand 105 a yini a 2013.

Matashin da ya kai shekara 13 ko 14 zai lura da bambancin farin gidan mai gona da ƙananan gidajen da ke can gefen titi. Idan ya tambaya, ya cancanci amsa ta gaskiya. Iyayen da ke neman hanyar yi wa 'ya'yansu magana kan illar barasa ba tare da tsawa ba, da wuya su samu misali da ya fi wannan.

Inda haɗari yake

Gona wurin aiki ne, ko da an yi mata kwalliya.

Kusan kowace gona na da madatsar ruwa don ban ruwa, kuma da yawa ba su da shinge. Ƙaramin yaro kan nutse cikin ɗan lokaci, ba tare da ihu ba. Idan ana zaune kusa da ruwa, a ware babba ɗaya da aikinsa kawai sa ido, a riƙa karɓa-karɓa. Lokacin girbi kuma taraktoci na kai da kawowa a hanyoyin da baƙi ke bi.

Inabin kansa na da haɗari ga 'yan ƙasa da shekara biyar, domin girmansa daidai yake da maƙogwaronsu, kuma yana da santsi. Likitocin yara na ba da shawarar a tsaga shi a tsaye, gida biyu ko huɗu, kafin a ba su. Kada kuma a bar yaro ya tsinka daga jikin itace ya ci, don ba a san ranar da aka yi feshi ba.

A lokacin zafi akwai macizai, musamman kasa da gamsheƙa, don haka takalmi rufaffe ya fi silifa a cikin ciyawa. A kusa da duwatsu akwai gwaggon biri. Ba a ba su abinci, doka ma ta hana, kuma sun iya buɗe ƙofar mota.

A kan titi, ana tuƙi ne ta hannun hagu, saɓanin Najeriya da Nijar. Tun 2015 doka ta wajabta sanya yaron da bai kai shekara uku ba a kujerar yara ta mota, don haka a nemi ita tun lokacin hayar mota. Hanyar Helshoogte da ta haɗa Stellenbosch da kwarin Franschhoek na da kwana-kwana, mai saurin amai ya zauna kusa da taga. Kuma ko da direban iyali bai sha komai ba, ba shi kaɗai ne a kan titi ba. Yammacin Asabar da Lahadi lokaci ne na taka-tsantsan.

Wane wata ya fi?

A nan iyalai daga Afirka ta Yamma kan yi kuskure. Yanayin Cape kishiyar na gida ne. Dogon hutun makaranta na Yuli da Agusta ya faɗo ne a tsakiyar sanyinsu, lokacin ruwan sama da iska, itatuwan inabi sun kaɗe ganye. Masauki kan yi sauƙi, amma sai da rigunan sanyi da shirin wuraren da ke da rufi.

Hutun Disamba kuwa, lokacin da hunturu ke kaɗawa a Kano da Zinder, can tsakiyar zafi ne. A Paarl zafin kan haura digiri 35. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas na dare, abin da ke rikita lokacin barcin yara. Lokacin ne kuma 'yan ƙasar ke nasu hutun, don haka komai sai an kama wuri da wuri.

Bambancin agogo da Najeriya sa'a ɗaya ne kacal. Masu fasfo ɗin Najeriya na buƙatar biza, har da yara, kuma ana neman katin rigakafin cutar shawara ga duk wanda ya haura shekara ɗaya. Ƙa'idojin takardun yara sun sha canzawa, don haka a tabbatar da su daga ofishin jakadanci, a kuma riƙe takardar haihuwar kowane yaro a jaka.

Yini ɗaya, wuri biyu

Iyalan da suka fi jin daɗin yankin su ne waɗanda suka rage buri. Wuri ɗaya da safe, lokacin da rana ba ta yi zafi ba kuma dabbobi na da kuzari. Abinci da wuri, kafin yunwa ta zama rigima. Hutu da azahar, a masauki ko a inuwa. Sai wuri na biyu da la'asar, mai fili inda za a yi gudu. A bar kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya a cikin tafiyar, domin wanda ya zaɓa da kansa ba ya cika ƙorafi.

Ruwan sha, malafa, man kariya daga rana da kayan canji su zauna a mota. Wanda ya tattake inabi ko ya bi agwagi ba zai dawo da tsabtar da ya fita da ita ba.

A Vergenoegd, idan agwagin sun gama kiwo, ana kaɗo su su koma makwancinsu ta hanyar da suka fito. Daga nan zuwa hubbaren Shehu Yusuf 'yar gajeriyar tafiya ce a mota. Iyalin da suka haɗa wuraren biyu a yini ɗaya za su koma masauki da yara masu ƙura a ƙafa da tambayoyi a baki, ba tare da kowa ya ɗaga kofi ba.